Dami Biyu, Darasi 120: Yadda Hannun Dama Ke Koyon Kaɗa Jita

A shekarar 1812 wani gidan ɗab'i mai suna Artaria, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya fitar da littafin koyon jita wanda kashinsa na farko ya sha bamban da abin da ɗalibi yake tsammani. Darussa 120 ne a jere, kowanne ɗan gajere, kuma a dukkansu aikin hannun hagu bai wuce riƙo biyu ba: ya danne tsirkiyoyi a nan, ya koma can, ya dawo. Babu waƙar da za ka raira, babu abin da za ka kaɗa wa baƙo ya yaba. Abin da ke sauyawa daga darasi zuwa darasi shi ne jerin da yatsun dama ke bi wajen taɓa tsirkiyoyin, wane ne zai fara, wane ne zai biyo, waɗanne biyu ne za su faɗa tare.

Mauro Giuliani ne ya rubuta littafin. An haife shi a kudancin Italiya a 1781, ya koma Biyana a 1806, kuma kafin wani lokaci ya zama makaɗin jitar da ake ji da shi a garin da Beethoven ke zaune. A watan Disamban 1813 ma yana cikin makaɗan da suka fara gabatar da sinfoni ta bakwai ta Beethoven. Ya rasu a Napoli a 1829. Ya bar manyan kaɗe-kaɗe masu wuyar gaske, amma abin da ya fi shiga hannun mutane cikin ayyukansa shi ne waɗannan gajerun darussa. Yau fiye da shekara 200 ke nan, malaman jita daga Madrid har Tokyo suna ɗora ɗalibansu a kansu.

Sunan abin da darussan ke koyarwa arfejiyo. Kalmar Italiyanci ce, daga arpa, wato kayan kiɗan nan mai tsirkiyoyi da yawa a jere wanda ake tsinka da yatsu ɗaya bayan ɗaya. A kiɗan Turawa ana haɗa amo uku ko huɗu su tashi tare, kamar yadda manomi ke haɗa zangarniyar gero ya ɗaure dami. Damin da suke kira C ya ƙunshi amo uku: C da E da G. Idan makaɗi ya share tsirkiyoyin gaba ɗaya da hannu, ya jefar da damin a ɗaure ke nan. Idan kuwa ya kwance shi, ya miƙo zangarniya ɗaya, sannan ta biyu, sannan ta uku, kowacce tana ci gaba da amo yayin da 'yar'uwarta ke shigowa, to shi ne arfejiyo. Dami biyun da Giuliani ya zaɓa su ne C da G7. Na biyun yana da amo huɗu, G da B da D da F, kuma kunne ba ya samun natsuwa a kansa, kullum jira yake a koma na farko. Da wannan fita da komawa gida aka gina mafi yawan waƙoƙin Turai, don haka ɗalibin yana horar da kunnensa ko da bai lura ba.

Me ya sa jita ta fi sauran kayan kiɗa buƙatar wannan dabara? Dalilin yana cikin halittar tsirkiya. Mai goge yana iya jan amo ɗaya muddin izgar tana tafiya. Mai algaita yana cika kumatu ya riƙe busa har mai sauraro ya rasa inda yake numfashi. Mai jita ba shi da wannan gata. Da zarar ya tsinki tsirkiya amon ya fara mutuwa, cikin 'yan daƙiƙu ya ɓace. Idan yana so dami ya rayu tsawon baiti guda na waƙa, dole ya riƙa ciyar da shi, amo bayan amo, kamar mai tura kara a murhu don kada wuta ta mutu. Arfejiyo shi ne numfashin jita.

Rabon gado tsakanin yatsu

Littattafan jita suna kiran yatsun dama da haruffa huɗu da aka ɗauko daga sunayensu na Sifaniyanci: p babban yatsa, i manuniya, m na tsakiya, a na zobe. Ƙaramin yatsa ba ya cikin lissafi a wannan salon. Jita tana da tsirkiya shida, kuma rabon farko da ake koya wa ɗalibi shi ne babban yatsa ya riƙe masu kauri guda uku, manuniya ta riƙe ta uku, na tsakiya ya riƙe ta biyu, na zobe ya riƙe ta farko, wato siririyar. Kowa da gonarsa. Babban yatsa yana turawa ƙasa, sauran ukun suna jawowa cikin tafin hannu, kuma babban yatsan yana ɗan gaba da su ta wajen wuyan jita don kada su yi karo.

A takarda abu ne mai sauƙi. A hannu kuwa, nan take ɗalibi zai gane cewa yatsunsa ba su zama daidai ba. Manuniya ta saba aiki ita kaɗai tun yana yaro. Na zobe bai taɓa yin komai shi kaɗai ba. Akwai ma dalili a jiki: a bayan hannu jijiyar da ke miƙe yatsan zobe tana ɗaure da jijiyoyin maƙwabtansa ta wasu 'yan zarurruka, shi ya sa idan ka kife hannu a tebur ka naɗe na tsakiya a ƙarƙashi, ɗaga na zobe sai ya gagara. A kan jita wannan rauni yana fitowa fili. Amon na zobe yakan fito a shaƙe, ko ya makara, ko ya jawo na tsakiya su faɗa tare ba a gayyace shi ba. Abin takaicin kuma shi ne siririyar tsirkiya, wadda ita ke ɗauke da karin waƙa a yawancin kaɗe-kaɗe, tana hannun wannan raunanan yatsa. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa Giuliani ya ƙi bai wa hannun hagu aiki. Ya san hankalin mai koyo ba ya rabuwa biyu, sai ya kwashe shi kacokan ya ɗora a dama.

Ni kaina na shekara biyu ina share tsirkiyoyi kafin na zauna gaban malami. Na san riƙo kusan goma sha biyar, ina alfahari da su. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in sauke hannun hagu in ɗora a gwiwa. "Ɗana," in ji shi, "hagu zaɓen amo kawai yake yi. Dama ne ke magana." Mako uku muna kaɗa tsirkiyoyi a sake, babu riƙo ko ɗaya. Abin da ya koya mini a makonnin nan shi ne abin da malamai ke kira shuka: kafin ka tsinka, yatsa ya riga ya sauka a kan tsirkiyarsa, ya zauna daidai inda nama da farce suka haɗu, ya jira. Babban yatsa na tashi, manuniya ta riga ta zauna. Manuniya na tashi, na tsakiya ya riga ya zauna. Ba a kai wa tsirkiya sara daga sama. Da farko kiɗan yana fita a gutsure, domin yatsan da ya sauka da wuri yana kashe amon da ke kai. Na ce, "Malam, ai babu daɗi." Ya ce daɗi na nan zuwa, yanzu adireshi muke koya wa yatsu. Gaskiyarsa. Daga baya ana rage tsawon jiran har ya zama ƙiftawar ido, amma saukar nan kafin tsinka ba ta barin hannu har abada, kuma ita ce ke raba wanda ke lalube da wanda ya san inda yake.

Abu na biyu da ya nace a kai shi ne inda motsi ke fitowa. Mai koyo yakan lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta yatsa ya fizgo tsirkiya sama kamar ƙugiya, sai ta mari wuyan jita ta yi ƙara marar daɗi. Motsin kirki daga babbar gaɓa yake tasowa, wadda ta haɗa yatsa da tafin hannu, irin motsin da kake yi idan za ka dunƙule hannu a hankali. Tsirkiyar tana ɗan nutsewa wajen cikin jita kafin ta kuɓuce, kuma wannan nutsewar ce ke motsa allon gaba ya ba da amo mai kauri. Da yatsa ya gama aikinsa sai a sake shi ya dawo da kansa. Wanda ya riƙe yatsa a ƙage bayan ya tsinka yana tara gajiya, kuma gajiyar nan ce ke hana sauri daga baya.

Sai maganar lokaci. Na'urar ƙirga bugu, metronom, Johann Maelzel ya yi mata rajista a 1815, shekara uku bayan fitowar littafin Giuliani, yau kuwa ana samun ta a wayar hannu kyauta. A sa ta a bugu 60 a minti, amo ɗaya a kowane bugu. Wannan jinkirin yana da ciwo, na sani. Amma a cikinsa ne kunne ke jin cewa na zobe ya fi sauran rauni, ko babban yatsa yana danne kowa. Akwai dabarar da na fi amfana da ita: a ɗauki jeri ɗaya, a ce p i m a, a ƙarfafa amon manuniya kaɗai sau da yawa, sannan na tsakiya kaɗai, sannan na zobe. Ranar da ka iya fito da kowane yatsa sama da 'yan'uwansa yadda ka ga dama, ranar ce ka fara iya ɗora waƙa a kan arfejiyo. Kuma a riƙa ɗaukar kai a waya ana saurare. Kunnen mai kaɗawa yana jin abin da ya yi niyya, wayar kuwa abin da ya faru take maimaitawa.

Idan hagu ya dawo aiki, wata matsala takan taso a wurin sauya dami: ɗan shiru ko tuntuɓe a tsakani. Maganinta yana cikin arfejiyon kansa. Tunda amo ɗaya-ɗaya suke fita, ba dole yatsun hagu su sauka gaba ɗaya ba. Wanda za a fara buƙata shi zai fara sauka, yawanci mai riƙe tsirkiya mai kauri, sauran su iske shi a hanya.

Daga Faris zuwa Niafunke

Wanda ya wuce Giuliani yakan bi ta darussan Matteo Carcassi da Fernando Sor, amma dutsen da kowa ke hange shi ne darasi na farko cikin goma sha biyun da Heitor Villa-Lobos, mutumin Birazil, ya rubuta a Faris a ƙarshen shekarun 1920 saboda makaɗin jita Andrés Segovia. Ba a buga su ba sai 1953. Darasin jeri ɗaya ne na amo 16 da hannun dama ke maimaitawa kusan daga farko har ƙarshe, yana hawa tsirkiyoyi shida yana saukowa. A tsakiyarsa hannun hagu yana kama riƙo ɗaya ya riƙa zamewa da shi gaɓa-gaɓa zuwa ƙasan wuya, alhali tsirkiyar farko da ta ƙarshe suna sake, suna amo ɗaya ba sa motsi. Ban san wani wuri a kiɗan jita da ke nuna ƙarfin arfejiyo kamar nan ba. Hannun dama bai sauya komai ba, amma mai sauraro ji yake kamar hadari na haɗuwa yana watsewa. Tunanin Giuliani ne aka juya: shi ya tsayar da hagu ya motsa dama, Villa-Lobos ya tsayar da dama ya motsa hagu.

Dabarar ba ta tsaya a zauren kiɗan gargajiyar Turai ba. A 1964 ƙungiyar The Animals ta Ingila ta fitar da House of the Rising Sun, wadda ta kai matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka. Abin da ke buɗe ta arfejiyo ne tsantsa daga jitar lantarki ta Hilton Valentine, wanda ya yi amfani da ɗan guntun roba maimakon yatsu, yana gangarawa kan tsirkiyoyi yana dawowa. Matasa marasa adadi da wannan buɗewar suka fara sanin cewa ana iya kwance dami.

Makaɗan jaz kuma suna nufin wani abu daban da kalmar. A wurinsu arfejiyo taswira ce ta wuyan jita: sanin inda kowane amo na dami yake daga gaɓar farko har ta goma sha biyu, domin idan ana ƙirƙirar kiɗa nan take yatsa ya sauka a amon da ya dace da damin da ake kai. Django Reinhardt shi ne misalin da ba a tsallakewa. Gobara ta ƙone shi a 1928 yana ɗan shekara 18, yatsunsa biyu na hagu, na zobe da ƙarami, suka shanye. Da sauran biyun ya riƙa zagaye wuyan jita, kuma yawancin layukansa a kan amon dami aka gina su, yana bin su a karkace daga tsirkiya zuwa tsirkiya.

Afirka tana da nata hanyar, kuma ba daga littafin Biyana ta samo ta ba. Kora ta Mandinka tana da tsirkiya 21, ana kaɗa ta da manyan yatsu biyu da manuniya biyu, kuma ita ma cikin dangin arpa masana ke lissafa ta. Da jita ta shigo nahiyar, hannayen da suka saba da irin wannan rabon aiki suka ɗauke ta da yatsu biyu. A 1952 mai naɗar kaɗe-kaɗe Hugh Tracey ya naɗi sautin Jean Bosco Mwenda na Katanga a Kwango yana kaɗa Masanga, babban yatsa na tafiya a ƙasa, manuniya na amsawa a sama, har mai sauraro ya rantse mutum biyu ne. Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya taɓa jita, kuma salon da ya tashi da shi ya kwaso ya zuba mata. Wanda ya saurari faifan In the Heart of the Moon da suka yi da makaɗin kora Toumani Diabaté zai ji jita da kora suna saƙa zare ɗaya. Makaɗan Abzinawa na Nijar, irin su Bombino na Agadas da Mdou Moctar, suna barin tsirkiya mai kauri tana gurnani a sake yayin da sauran ke zuba a kanta.

A nan sai a yi hattara da kalma. Kiɗan gurmi da garaya da molo ba a kan sauyin dami aka gina shi ba, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma tsirkiya ɗaya gare shi. Kiran abin da suke yi arfejiyo zai zama ɗora musu rigar da ba tasu ba. Abin da muka haɗa da Giuliani shi ne sanin cewa hannun da ke taɓa tsirkiya shi ke ɗauke da kiɗan, kuma ɗan zagaye guda da aka iya maimaitawa ba gargada ya fi tarin ado. Yaron da ya tashi yana jin mai gurmi yana riƙe zagaye ɗaya tsawon waƙa ya riga ya san rabin darasin. Arfejiyon Turawan ma ba baƙo ba ne a kunnenmu: 'yan amon nan da ke gangarowa a bayan murya a waƙoƙin finafinan Hausa, waɗanda fiyano ke zubawa da kanta idan an danna mata riƙo, shi ne. Bambancin kawai, a jita babu injin da zai yi maka.

Sauri da abin da yake jawowa

Abin da ya fi damuna da masu koyo a yau shi ne bidiyon gwanaye da suke kallo a waya, inda yatsu ke gudu kamar walƙiya. Yaro ya ga haka, ya ɗaure hannu tamau, ya yi awa uku yana tilasta wa yatsu abin da ba su shirya ba. Ƙaramin sakamako shi ne ya haddace kuskure, domin hannu ba ya tantance daidai da ba daidai ba, abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa. Babban sakamako kuwa ciwo ne. Akwai larurar da likitoci ke kira distoniya, inda ƙwaƙwalwa ke rikita saƙon da take aika wa yatsu, sai yatsa ya riƙa naɗewa cikin tafin hannu da kansa da zarar an ɗauki jita, ba tare da zafi ba. A wurin masu jitar gargajiya hannun dama ta fi kamawa, kuma a arfejiyo takan fara bayyana. David Leisner, makaɗi Ba'amurke, ta same shi a 1984, ya yi shekara 12 kafin ya dawo da cikakken hannunsa. Ba kowane mai yawan atisaye take kamawa ba, amma maimaita motsi ɗaya na tsawon lokaci da hannu a ƙage yana cikin abubuwan da ake dangantawa da ita. Minti goma sha biyar kowace rana da sakakken hannu sun fi awa uku ranar Asabar. Idan wuyan hannu ya fara zafi, a ajiye jita.

Mai koyo a ƙasar Hausa yana da ƙarin abin lura. Yawancin jitocin da ake samu da araha masu tsirkiyar ƙarfe ne, kuma sau da yawa tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, sai danne su ya zama kokawa. Idan da hali a nemi mai tsirkiyar nailan, wadda ta fi taushi kuma tazarar tsirkiyoyinta ta fi faɗi, yatsun dama su sami wurin shiga. Tsirkiyar nailan ɗin ma ba tsohuwa ba ce: a shekarun 1940 Albert Augustine ya fito da ita a New York da ƙarfafawar Segovia, kafin nan da hanjin dabba ake yi. Idan mai ƙarfen ce a hannu, ba a fasa ba, a sa mata tsirkiyoyi marasa kauri. Hunturu kuma abokin gabar katako ne. Bushewar iskar Disamba da Janairu tana tsaga allon jita, tana kuma karya farce. A riƙa ajiye ta cikin jakarta tare da ɗan soso mai danshi a cikin leda mai huji, nesa da rana. Farcen dama kuwa kada ya wuce kan yatsa sai da kaɗan, a goge bakinsa ya yi santsi. Wanda ba ya son tara farce ya kaɗa da nama abinsa. Fernando Sor da kansa da nama ya kaɗa, kuma babu wanda ya raina amonsa.

Darussan Giuliani sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta a intanet, shafuka kaɗan ne. Ba a buƙatar a bi su 120 a jere, malamai da yawa zaɓa suke yi. Mai karatu, idan akwai jita a ɗakinka, ko ta aro ce, ka koyi riƙon C da G7, ka zaɓi jeri uku kacal, ka sa metronom a 60, ka ba su wata guda. Ka ɗauki kanka a waya ranar farko, ka sake ɗauka ranar talatin, ka saurari yatsan zobe a duka biyun.